Ɓaunar da Na Fanso Saboda Bualai

Litinin, 14 ga Yuli, da yamma

Yau ban hura gawayi ba. Tun ina saurayi nake gasa kaji a bakin titin da ya ratsa ƙauyenmu ya nufi Roi Et, kuma ban da ranar da aka haifi 'yarmu Ratri da ranar da na faɗa rijiya (ba a buge nake ba, ko me mutane za su ce), murhun nan bai taɓa wuni da sanyi ba. Direbobin manyan motoci sun yi ta tsayawa. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Kawu Tongsuk, ina matarka mai dakan gwanda?" Na ce ta tafi Khon Kaen hutu, an ba ta gado mai ƙafar ƙarfe da 'yan mata masu fararen kaya suna tambayarta ko ta yi bayan gida. Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Matata Bualai tana babban asibiti. 'Yarmu Ratri ta baro aikinta a Bangkok tana jinyarta. An ga wani abu a cikinta a hoto. Ratri ta faɗa min sunan abin a waya, amma ni a aji huɗu na sallami makaranta, doguwar kalma ba ta zama a kaina. Ƙarshen wata za su yi mata aiki. Akwai wata kalmar da ta fi "aiki" dacewa, wadda nake yi wa kaji kullum, amma hannuna ya ƙi rubuta ta.

Turminta da take daka wa direbobi ɗanyar gwanda da barkono na nan a kife.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Yaya Samli, yayar Bualai, ta zo. Ba ta gaishe ni ba, ta zauna kan benci ta tsura wa akurki ido.

"Tongsuk, ka taɓa zama ka yi tunanin kajin nan?"

"Kullum, Yaya. Musamman in tafarnuwa ta yi tsada."

"Ka ci gaba da wasa. Kowace kazar da ka raba da ranta tana can tana jira. Sun taso neman hakkinsu, suka dube ka suka ga ba tsoka, sai suka sauka kan ƙanwata."

Na ce, "Yaya, ai rabinsu a cikinki aka binne su."

"Ni ci na yi, ban yanka ba."

Ta ce mafita ɗaya ce, in fanshi rai. Ba 'yan kifayen da ake saki a tafkin haikali ba, waɗanda mai sayarwa ke sake kamawa da yamma. Babban rai, daga bakin wuƙa, in tura ladar ga Bualai kafin ranar aiki. Babban abu ɗaya yana rinjayar ƙanana da yawa, in ji ta, ko a sikelin kasuwa haka ne.

Na raka ta da zolaya har ƙofa. Da na dawo na tarar kajin duk sun juyo suna kallona da ido ɗaya ɗaya. Haka suke kallo dama. Ban dai taɓa lura ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, da rana

Lokacin zaman damina ne na sufaye, wato malaman addininmu na Buddha, kowa na ɗaukar alkawarin barin wani abu wata uku. Maza suna barin giya. Na durƙusa gaban Luang Ta Kaen, tsohon sufin haikalinmu, na yi alkawarin ba zan kashe rai ba sai damina ta fita. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Giyar fa?" Na ce, "Luang Ta, abu ɗaya aka ce."

Asabar, 19 ga Yuli, bayan faɗuwar rana

Na sayar da babur ɗina. Na je mahauta.

Ɓaunaye ne a jere a ɗaure. Na zaɓi wata tsohuwa mai karkataccen ƙaho domin na ga hawaye na bin fuskarta. A hanya na gane ciwon ido take yi. Mahaucin ya damƙa min igiya yana murmushi har kunne, ya ce, "Lada mai yawa, Kawu. Da abin da ka ba ni gobe sai in sayo matasa biyu in maye gurbinta." Na yi ta juya maganar nan a raina tun daga can har gida, a ƙafa, ɓauna na tsayawa a kowane kududdufi.

Luang Ta ya ɗaura mata farin zare a ƙaho, ya yi karatu, na tsiyaya ruwa a ƙasa ina kiran sunan Bualai don ladar ta je mata. Ya tuna min ƙa'ida: wadda aka fanso ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ba wanda zai yanka, sai ta mutu don kanta. Na tambayi shekara nawa ɓauna take yi. Ya ce, "Za ta iya raka ka." Mun sa mata suna Bunrot, wato wadda lada ta kuɓutar.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Ratri ta bugo.

"Baba, yaushe za ka zo?"

"Babu babur."

"Ina babur ɗin?"

"Ya yi ƙaho."

"Baba, ba na son wasa yau. Akwai bas."

"Wa zai kula da Bunrot?"

"Wace ce kuma Bunrot?"

"Ƙanwarki."

Sai na ji tana maimaita wa uwarta. Na ji wani sauti can nesa, ban san ko dariya ce ko tari ba. Ratri ta ce in riƙe, za ta ba ta wayar. Na ce caji ya ƙare.

Zan je.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Bunrot ta tsinke igiya ta shiga gonar Yaya Samli ta cinye irin shinkafar da za ta dasa. Abin da ba ta ci ba ta kwanta a kai. Na zagi ɓaunar, na zagi uwar ɓaunar, na ɗaga sanda na sauke mata a gadon baya. Da Yaya Samli ta iso na ce shanun ƙauyen gaba ne. Bunrot na tsaye bayana da ganyen shinkafa yana reto a bakinta.

Wato kafin rana ta yi tsaka na yi zagi, na doki dabba, na yi ƙarya. A da sai in yi sati ban haɗa ukun nan ba. Tun da na fara neman lada ban huta da alhaki ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Mutum sai ya ci abinci. Na je wajen Somwang, wanda ke kiwon kaji a bayan makaranta, na ce masa, "Ni ban ce ka yanka komai ba. Na dai ce gobe da sassafe zan biyo ta nan. In an samu wasu da suka gaji da duniya, kamar goma haka, masu ƙiba, a fige su." Ya ce ya gane, kajinsa suna yawan samun irin wannan baƙin ciki.

Alhamis, 24 ga Yuli, da sassafe

Luang Ta ya biyo karɓar sadakar safe. Ina saka masa shinkafa a tasa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Wanda ya yi umarni da gira ma ya yi umarni." Somwang bakinsa ba ya rufuwa.

Na koma gasa ayaba. Wani direba ya tsaya, ya dubi murhu, ya dube ni, ya ce, "Kawu, ka ga na yi kama da biri?"

Asabar, 26 ga Yuli, da rana

Kajina sun ji labarin alkawari. Sun bar akurki sun tare a ɗaki. Zakara ya hau kan turmin Bualai ya yi cara, na kore shi da hula, ya dawo. Ban san kaza na da raini haka ba, ban taɓa barin ɗaya ta daɗe har halinta ya fito ba.

Ratri ta bugo sau biyu. Ina wanke wa Bunrot ido.

Zan je.

Litinin, 28 ga Yuli, da yamma

Bunrot ta shiga haikali ta tauna mayafin Luang Ta da ya shanya. Na je ba da haƙuri, na same shi a gindin tsamiya riƙe da abin da ya rage. Kafin ya shiga sufanci aski yake yi a tashar mota, har yanzu in yana magana da mutum sai ya riƙa kallon ƙeyarsa.

Na durƙusa na ce, "Luang Ta, ku gaya min gaskiya. Ɓaunar nan ta share kajin?"

"A'a."

"Ko rabi?"

"Tongsuk, in ka shuka barkono a nan, ka shuka gwanda a can, gwandar tana hana barkonon fitowa?"

"To amfanin me? Da na sani da babur ɗina na nan."

"In barkono ya yi wa matarka yawa a turmi, me take yi?"

"Ta zagi wanda ya ce a ƙara."

"Bayan nan."

"Ta ƙara gwanda."

"Barkonon ya fita?"

"Yana ciki."

"Amma yana ciyuwa. Iyakar abin ke nan. Ka yi ta ƙara gwanda har ka mutu. Ɓaunar ta tsira, wannan alheri ne, ba wanda zai ƙwace maka shi. Kajin ma ba wanda zai ɗauke maka su."

Na ce to shi ke nan, in dai za su bar Bualai. Sai ya ajiye mayafin.

"Wa ya ce suna kanta?"

"Yaya Samli."

"Samli a wane haikali ta yi karatu? Abin da mutum ya aikata nasa ne, ba ya tsallake katanga ya faɗa kan na kusa. Kuma ba kowane ciwo ne sakayyar wani aiki ba. Jiki ne. Yana tsufa, yana lalacewa, har nawa. Ba kai ka sa mata ba."

Ya kamata in ji daɗi. Duk wanda aka wanke yana jin daɗi. Ni kuwa sai na ji kamar an ƙwace min wani abu daga hannu, har na so in yi wa tsoho gardama a kan cewa lallai laifina ne. Domin in nawa ne, da akwai abin da zan yi.

Ya ce, "Ɓauna ta san inda ciyawa take, ba sai kana nan ba. Wadda ba ta neme ka ba ka je har mahauta ka ɗauko ta. Wadda take nemanka fa?"

Ban sami abin barkwanci ba. Na duba ko'ina.

Laraba, 30 ga Yuli, da yamma, Khon Kaen

Na bar wa Yaya Samli igiyar Bunrot, na ce ladar ta yi min yawa, ta ɗan taya ni. Na hau bas.

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere. Na wuce ta. Na wuce matata, sai da Ratri ta ce, "Baba, nan." Bargon da suka rufa mata kamar ba kowa a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Uwar Ratri, an ce hutu kika zo, ashe gasar 'yan mata kika shiga."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Warin ɓauna kake yi, tsoho."

"Ƙanwar Ratri tana gaishe ki."

"Na daɗe ina ce maka ɓauna, ban san za ka je ka nemo dangi ba." Ta huta kaɗan. "Samli ce ta sa ka, ko? Ta manta ƙaguwar da na daka da ranta a turmin nan tun ina budurwa? In masu neman hakki ne, nawa sun ishe ni, ba sai na ari naka ba."

"Luang Ta ya ce ba su ba ne. Ba naki, ba nawa."

"Na sani. Ciwo ne kawai. Zauna, kana tare min fanka."

Na zauna. Na ɗaura mata farin zare a wuyan hannu, sai da na zagaya sau biyu ya kama. Ta tambayi wa ke ba kaji tsaba. Na ce yanzu su ke ba ni.

Alhamis, 31 ga Yuli, da safe

Sun shiga da ita.

Alhamis, da yamma

Sun fito da ita.

Asabar, 2 ga Agusta, da rana

Likitar yarinya ce, ba ta fi Ratri ba. Ta yi bayani da zane a takarda. Abin da na kama shi ne sun cire abin da ya ciru, saura kuma magani ne za a riƙa sa mata ta jijiya, mai ƙarfi. Amma ba za su fara ba sai ta yi ƙwari. Sai ta ci abinci. In ba ta ci ba, ba magani. Na ce in dai ci ne, a danginsu ba a taɓa samun matsala ba. Ratri ta taka min ƙafa.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Mun dawo gida. Bunrot ta leƙo kai ta taga ta hura wa Bualai iska a fuska. Bualai ta ce, "Ta fi ka kyau." Yaya Samli ta ce ɓaunar ta cinye mata yalo da wake da kwando ɗaya, amma dai kowa ya ga aikin ya yi kyau, kuma kowa ya san shawarar wa aka bi.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Kunun shinkafa, cokali biyu. Miyar kifin Yaya Samli, ta kau da kai. Ƙwai, ta ce ƙarni. Ayaba, ta ce ta ji labarin direban nan mai maganar biri.

Ratri tana shiga bayan ɗaki tana daɗewa, ta fito da jajayen idanu ta ce hayaƙi ne. Ba wanda ya hura wuta.

Talata, 12 ga Agusta, da rana

Yau ta ce, fuskarta a bango, "Kazarka nake jin ƙamshi."

Na ruga gari a bayan motar wani, na sayo kaza daga kanti, irin ta cikin ƙanƙara, wadda ba wanda ya san wa ya kashe ta. Na jiƙa ta da tafarnuwa da masoro da romon kifi, na matse ta a tsagaggen gora, na gasa yadda na saba. Ta kai bakinta, ta sauke.

"Wannan kazar ba ta taɓa ganin rana ba."

"Ta yi karatu ne, a ofis ta tashi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Bar shi, tsoho. Ka yi alkawari, na sani. Ba komai."

Bunrot ce kaɗai ke ƙiba a gidan nan. Da kajin.

Laraba, 13 ga Agusta, da yamma

Na koma gindin tsamiya neman ƙofar baya.

"Luang Ta, in na yanka don mara lafiya ta ci, lada ce ko alhaki?"

"Duka biyu."

"Wanne ya fi nauyi?"

"Ba ni da sikelin. Ciyarwar tana nan, yankan yana nan, kowanne da ranarsa."

"To ku ce min in yi."

"In na ce, na riƙe maka ƙafar kazar ke nan. Ba zan ce ba."

"To ku ce kada in yi."

Ya daɗe yana kallon ƙeyata. Ya ce, "Na gaya maka abin da na sani. Kazar ma tana son ranta kamar kowa. Ka san wannan, ba sai na faɗa ba."

A gida Ratri ta ce a aika wa Somwang, ko ita ta rufe ido ta yi. Na ce a'a. Yarinyar da ko sauro sai ta ba shi haƙuri kafin ta mare shi. Kuma na gwada yanka da gira, na ga inda ya kai ni.

Alhamis, 14 ga Agusta, da rana

Na zaɓi kazar nan wake-wake mai kwana a kan buhun gawayi. Ba ta gudu ba, ta saba da zaman lafiya. Na kai ta bayan gida gindin mangwaro. A da ina yi ina waƙa, ina hira da direbobi, hannu na aikinsa ni ina wani wuri. Yau ina wurin. Na ji zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna. Na ba ta haƙuri, na ce mata Tongsuk ne, ɗan Kamdi, ni kaɗai, ba wanda ya sa ni. Na yi da sauri. Wannan kaɗai na iya yi mata.

Na gasa a hankali, wuta ƙasa-ƙasa, har fatar ta yi ja. Wata mota ta tsaya da jin ƙamshi, na ce ba na sayarwa ba ne.

Ratri ta tayar da uwarta zaune, ta sa mata matashi. Bualai ta mulmula shinkafa mai danƙo da yatsu, ta ɓalli fiffike. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina duba rufi kamar mai neman yoyo. Ta cinye fiffiken. Ta tsotse ƙashin. Ta ɗauki cinya ta ci rabi, sannan ta jingina ta rufe ido, maiƙo a haɓarta. Ba ta tambaye ni alkawarin ba.

Can ta ce, ido a rufe, "Gishiri ya yi yawa. Gobe ka rage."

Ratri ta dube ni. Na fita na ɗauko dutsen wasa wuƙa.